Silsila, fim ɗin da aka ƙi a 1981 aka dawo ana nema: tambayoyi da amsoshi

Duk inda masu sha'awar tsofaffin finafinan Indiya suka zauna hira, in dai an ambaci Amitabh Bachchan da Rekha, ba a tashi sai Silsila ya shigo zancen. Wasu sun kalle shi tun zamanin kaset, wasu waƙoƙinsa kawai suka sani, wasu kuma gulmar da ke kewaye da shi ce ta kai su gare shi. Na tattara tambayoyin da aka fi jefo mini a kansa. Wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu, zan fasa ƙwai, har ƙarshen labarin zan faɗa.

Wane fim ne wannan, su wa suka fito a ciki?

Fim ne na harshen Hindi da Yash Chopra ya shirya kuma ya ba da umarni. Ya fito a watan Agustan 1981, tsawonsa kusan awa uku. Amitabh Bachchan ne Amit, marubucin wasan kwaikwayo mai tsara baitoci. Jaya Bachchan, matarsa ta gaske, ita ce Shobha, matarsa a fim. Rekha ita ce Chandni. Shashi Kapoor ya fito a Shekhar, yayan Amit, matuƙin jirgin yaƙi, sai Sanjeev Kumar a Dokta Anand, mijin Chandni.

Wanda ya san fim ɗin Deewaar na 1975 zai tuna a can Shashi ne ƙanen Amitabh. A nan aka mayar masa da girmansa, don a zahiri shi ne babba: 1938 aka haife shi, Amitabh kuwa 1942. Shi kuma Sanjeev Kumar, wanda ya zama surukin Jaya a Sholay, ya zama uban Amitabh a Trishul na 1978, a nan ya koma sa'ansu.

Me sunan yake nufi?

Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Asalinta Larabci ne, ma'anarta sarƙa. Ta bi ta Farisanci ta shiga Urdu da Hindi, mu ma ta zo mana: salsalar mutum, ko silsilar shehunnai a ɗariƙa, wane ya karɓa daga wane. A bakin Indiyawa tana nufin abin da ya faro ya ƙi yankewa, wannan yana jan wancan. Sunan ya dace, don a fim ɗin babu wanda ya wayi gari ya ƙudura zai ci amana. Mutuwa ta jawo aure, auren ya jawo wani auren, hatsarin mota ya jawo haɗuwa, haɗuwa kuma ta jawo abin da ta jawo.

Ya labarin yake?

Amit da Shekhar marayu ne, sun tashi ba su da kowa sai junansu. Shekhar yana neman Shobha, magana ta yi nisa. Amit kuma ya faɗa son Chandni, ita ma ta amsa. Ana cikin haka yaƙi ya ci Shekhar, ya bar Shobha da ciki alhali ba a ɗaura aure ba. Don ya rufa mata asiri, ɗan kuma ya samu uba, Amit ya aure ta, ya rubuta wa Chandni wasiƙa cewa ta manta da shi. Chandni ta haɗiye, ta auri Dokta Anand, mutumin da ke sonta tsakani da Allah.

Sai Amit da Shobha suka yi hatsarin mota, cikin ya zube. Likitan da ya duba su shi ne Anand, ta haka Amit da Chandni suka sake yin ido biyu. Tsohuwar wuta ta tashi. Suka fara haɗuwa a ɓoye, yau nan gobe can, har wani dare suka buge wani mai tafiya a ƙasa da mota, magana ta je hannun 'yan sanda. Sufeton da ya riƙe maganar, wanda Kulbhushan Kharbanda ya fito a matsayinsa, ashe ɗan'uwan Shobha ne. Daga nan asiri ya fara yoyo. Ƙarshe Amit ya bar gida, Chandni ta bar nata, suka gudu tare. Abin da ya dawo da su, za mu zo kansa.

Me ya hana Amit ya ƙara aure kawai a huta?

Wannan ita ce tambayar da Bahaushe ke fara yi, kuma ba laifinsa ba ne, don a finafinanmu na gida da yawa namiji ɗaya da mata biyu a kishiya suke ƙarewa. Amma abu biyu ne suka toshe wannan ƙofar. Na farko, mutanen labarin mabiya addinin Hindu ne, kuma dokar aurensu ta 1955 ta haramta wa namiji mace ta biyu matuƙar ta farko tana raye kuma ba a rabu ba. Na biyu, wanda mutane ke saurin mantawa, Chandni matar wani ce. Ko a garin da aka yarda da mata huɗu, babu limamin da zai ɗaura wannan.

Yash Chopra kansa ya taɓa bin waccan hanyar. A Daag na 1973, fim na farko da ya yi a ƙarƙashin kamfaninsa Yash Raj, Rajesh Khanna ya auri wata da saurayinta ya gudu ya bari da ciki, don a rufa mata asiri, daga baya matarsa ta farko ta bayyana, aka ƙare su uku a gida ɗaya. Sunan waccan mai cikin ma Chandni. A Silsila ya dawo kan tsohon ƙullin, sai dai wannan karon ya aurar da budurwar ga wani, ya hana kansa mafita mai sauƙi.

To saki fa? Kuma dokar ƙasar ba ta hana abin da suke yi ba?

Saki yana nan a doka. Tun 1976 aka yi gyaran da ya ba ma'aurata Hindu damar rabuwa bisa yardar juna. Matsalar ita ce kalmar juna: Shobha ba ta yarda ba, Anand bai nema ba. Ban da haka, a tsakanin mutanen da fim ɗin ke nunawa aure abu ne na har abada, sakakkiyar mace kuwa ba ta da sauƙin da bazawara ke da shi a ƙasar Hausa, inda in ta gama idda manema ke sallama.

Game da doka, a lokacin abin da Amit ke yi laifi ne. Sashe na 497 na kundin hukunta laifuffukan Indiya, wanda Turawan Ingila suka rubuta tun 1860, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga namijin da ya nemi matar wani ba da yardar mijinta ba. Namijin kaɗai ake hukuntawa, matar ba a taɓa ta, kuma matar shi mai laifin ba ta da ikon kai ƙara. Wato Anand zai iya sa a ɗaure Amit, Shobha kuwa ba ta da ta cewa. Sai a watan Satumban 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta soke sashen. In ka san wannan, shirun da Anand ya yi a fim ɗin zai ƙara nauyi a idonka, don sanda tana hannunsa ya ƙi ɗagawa.

Waye mai laifi a cikinsu?

A wajena Amit ne, kuma laifinsa ya faro tun kafin ya fara bin matar mutane. Ranar da ya auri Shobha kowa ya ce ya yi halin girma. Amma duba yadda ya yi shi. Ya yanke hukunci a kan rayuwar mutum uku, Chandni kuma da takarda ya sallame ta, ko ido da ido bai iya ba. Ya kai gangar jikinsa gidan Shobha, zuciyar ya bar ta a waje. Muddin cikin yana nan, yana da abin da zai riƙa gaya wa kansa. Da cikin ya zube sai ya zama kamar wanda ya gama biyan bashin da bai ci ba, yana ganin yanzu duniya ce ke da bashinsa. Daga nan duk abin da ya yi, yana yi ne da fuskar wanda aka zalunta. Alherin da aka yi da rabin zuciya gori yake komawa, kuma Shobha ta sha wannan gorin ko da bai furta shi da baki ba.

Chandni tana da nata. Aurenta da Anand ya yi kama da abin da muke kira auren huce haushi, kuma mutumin bai ci mata komai ba. Sai dai fim ɗin ya fi nuna ta tana ja da baya tana dawowa, tsoro a fuskarta, shi kuma Amit yana matsawa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Anand. Karon farko da na kalli fim ɗin a kaset ne, a falo, da dare, tare da wata gwaggona da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hindi. Tana gyaran zogale a tire, rabin hankalinta a kan talabijin. Can aka nuno likitan yana murmushi yana kallon matarsa, sai ta ajiye tiren ta ce, "Kai ɗan nan, wannan bawan Allah ya sani fa. Dubi idonsa." Na ce, "Gwaggo, ai ba a gaya masa ba tukuna." Ta ce, "Wa ke gaya wa miji?" Ta ci gaba da zogalenta. Kawaicin da Sanjeev Kumar ya nuna ba ya bukatar fassara. Shekara huɗu bayan fim ɗin ya mutu, a 1985, yana da shekara 47.

Ita Shobha ba ta da zuciya ne, ta zauna ana yi mata haka?

Masu kallo na yanzu suna yawan jin haushinta. Ni ban ga rashin zuciya ba. Ta shiga auren a matsayin wadda aka taimaka, wanda aka rufa wa asiri kuwa bakinsa nauyi gare shi. A hankali ta fara son mijin da gaske, a daidai lokacin da shi yake zamewa.

Akwai wurin da ta tunkari Chandni, su biyu kawai, suna tsaye sun juya wa juna baya. Babu zagi, babu cacar baki, babu jan gashi. Shobha ta nemi ta bar mata mijinta, Chandni ta nuna abin ya fi ƙarfinta. Ɗaya tana tinƙaho da so, ɗaya tana tinƙaho da igiyar aure da yaƙinin cewa zai dawo. Jaya ta yi wannan wasan da murya ƙasa-ƙasa, kuma shi ya sa ya fi ciwo. Inda nake da ja shi ne yadda fim ɗin ya saka mata: ba haƙurinta ne ya dawo da mijin ba, wani abu ne daban.

Me ya sa ake yawan maganar wurin bikin Holi?

Holi biki ne da ake yi a ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu ko Maris, ana watsa wa juna garin launi da ruwa. Ranar ana sassauta kunya, abin da ba a iya faɗa kullum sai a faɗe shi da sunan wasa, kusan yadda taubasai ke yi a wajenmu. Ana kuma shan bhang, ganyen wiwi da ake niƙawa a dama da madara.

Ma'auratan biyu suna wurin. Amit ya sha ya yi tatul, ya kama waƙar Rang Barse. Amitabh ne ya rera ta da muryarsa, baitocin kuma na mahaifinsa ne, shahararren sha'iri Harivansh Rai Bachchan, wanda ya gina su a kan tsohuwar waƙar gargajiya. Waƙar habaici ce tsantsa: an zuba abinci a farantin zinariya, saurayi na ci, miji na haɗiyar yawu. Da farko kowa na dariya ana tafi. A hankali Amit ya manta da inda yake, ya nufi Chandni yana yi mata abin da ba a yi wa matar aboki, ita kuma ta kasa ɓoye abin da ke ranta. Kyamara sai ta riƙa komawa kan fuskar Shobha da ta Anand, launi a kumatunsu, murmushi yana bushewa. Babu wanda ya ce uffan. A cikin 'yan mintuna mutum huɗu suka san komai, kowa kuma ya san ɗan'uwansa ya sani.

Abin dariyar shi ne har yau duk shekara wannan waƙar ake sakawa a bikin Holi, iyalai suna rawa da ita, an manta cewa a fim ɗin ita ce ta tona asirin gida biyu.

Gaskiya ne labarin rayuwar jaruman aka ɗauka?

Wannan ita ce gulmar da ta fi fim ɗin suna. Amitabh da Jaya sun yi aure a watan Yunin 1973. Daga Do Anjaane na 1976 Amitabh da Rekha suka jera finafinai tare, ciki har da Muqaddar Ka Sikandar da Mr. Natwarlal da Suhaag, mujallun finafinai na Bombay kuma suka yi ta rubuta cewa akwai wani abu a tsakaninsu. Ana cikin wannan surutu sai ga fim da Jaya a matar gida, Rekha a ta waje. Da farko Parveen Babi da Smita Patil aka yi niyyar sakawa, daga baya aka canza. Yash Chopra ya faɗa bayan shekaru cewa hankalinsa bai kwanta ba har aka gama ɗauka.

Amitabh bai taɓa amsa cewa zancen gaskiya ne ba. Rekha kuma, a hirarta da Simi Garewal a 2004, ta yaba shi matuƙa amma ta musanta cewa akwai wata alaƙa ta sirri. Abin da ke a fili shi ne daga Silsila ba su sake fitowa a jarumi da jaruma ba, Jaya ma ta daɗe ba ta karɓi babban matsayi ba sai a 1998, kuma auren Bachchan ya haura shekara hamsin. Labarin fim ɗin kansa, da yaya sojan sama da ciki da likita, bai yi kama da tarihin kowa a cikinsu ba.

Su wa suka yi waƙoƙin, kuma ina ne wurin furannin nan?

Kiɗan na Shiv-Hari ne, wato Shivkumar Sharma mai kaɗa santur (wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa) da Hariprasad Chaurasia mai busa sarewa. Dukansu manyan makaɗan gargajiya ne, kuma wannan ne fim na farko da suka tsara wa kiɗa tare. Sun ci gaba da aiki da Yash Chopra a Chandni na 1989 da Lamhe da Darr. Sahir Ludhianvi, wanda ya saba rubuta masa baitoci, ya rasu a 1980, sai aka jawo Javed Akhtar, wanda har lokacin da rubuta labari aka san shi, shi da Salim Khan. A Silsila ya fara rubuta waƙar fim. Lata Mangeshkar da Kishore Kumar ne manyan muryoyin.

Furannin da ke shimfiɗe layi-layi a waƙar Dekha Ek Khwab kuwa a lambun Keukenhof ne, a ƙasar Holan, wanda ake buɗewa makonni kaɗan kawai a shekara, tsakanin Maris da Mayu. An kuma ɗauki wasu sassa a Kashmir da Delhi.

Ya ci kasuwa?

Bai ci ba. Mutane sun saba da Amitabh mai fushi mai naushi tun daga Zanjeer na 1973, kuma a shekarar 1981 ɗin ma Laawaris da Naseeb sun cika sinimomi. Sai ga shi a nan yana karanta baitoci yana laɓe-laɓe da matar likita. Masu ganin mutuncin aure tsakiyar fim ɗin ta ɓata musu rai, masu goyon bayan masoyan kuma ƙarshensa ya ba su haushi. Ba tsuntsu ba tarko. Kaset da talabijin da waƙoƙin ne suka raya shi daga baya.

Yaya aka ƙare, kuma ƙarshen ya gamsar?

Anand ya yi tafiya yana fatan in ya dawo zai tarar da matarsa a gida. Bayan masoyan sun gudu, sai labari ya zo jirgin da yake ciki ya faɗi. Suka ruga wurin. Shobha ma tana can, kuma a nan ta gaya wa Amit tana ɗauke da cikinsa. Amit ya kutsa cikin wuta ya fito da Anand. Chandni ta koma wa mijinta, Amit ya koma wa Shobha, aka rufe da rubutu a allo da ke cewa so amana ne mai ɗorewa.

Ni bai gamsar da ni ba. Awa biyu da rabi ana gina mutane huɗu masu hankali, kowa da hujjarsa, sai a ƙarshe aka rasa mai yanke magana, aka kira jirgin sama ya faɗo ya yanke. Kuma duba abin da ya mayar da Amit gida: ciki. Ciki ne ya shigar da shi auren tun farko, ciki ne ya dawo da shi. Ba a nuna mana ranar da ya zauna ya dubi Shobha ita kanta ya ce ita yake so ba. Gaskiya kafin hatsarin an fara nuna gudun bai yi musu daɗi ba, Chandni ta fara jin nauyin zama ba sunan aure. Da an bi wannan zaren har ƙarshe da fim ɗin ya fi haka.

Za a iya kallonsa da iyali?

Babu tsiraici, fim ɗin 1981 ne. Amma akwai shaye-shaye, akwai rungume-rungume, kuma maganar gaba ɗaya ta neman matar aure ce. Ba fim ɗin da za ka kunna a gaban surukai ba ne, yara kuma ba abin da za su tsinta. Masu cewa yana ƙawata ɓarna suna da abin kamawa, don waƙoƙin da suka fi daɗi da wuraren da suka fi kyau duk Amit da Chandni aka ba, Shobha kuwa aka bar ta da falo da jiran ƙofa.

Akwai wasu finafinan irinsa?

Akwai Kabhi Alvida Naa Kehna na Karan Johar, 2006, inda aka bar masoyan suka rabu da aurensu suka haɗu a ƙarshe. A can Amitabh ya tsufa, shi ne uban mijin da aka ci amanarsa, mijin kuma ɗansa ne na gaske, Abhishek. Daga Amurka akwai Same Time, Next Year na 1978, da Alan Alda da Ellen Burstyn, mai aure da matar aure da ke haɗuwa sau ɗaya a shekara har shekara 26.

Amma wanda nake ba da shawara a kalla kai tsaye bayan Silsila shi ne Arth na Mahesh Bhatt, 1982. Smita Patil, wadda ta rasa gurbi a Silsila, ita ce ta waje. Kulbhushan Kharbanda, sufeton da ke farautar Amit, shi ne mijin da ya ci amana. Shabana Azmi ce matar gida. Da duniya ta juya wa mijin baya ya dawo yana neman ta karɓe shi, sai ta tambaye shi, da ita ce ta yi abin da ya yi ta dawo, zai karɓe ta? Ya ce a'a. Ta juya ta tafi.